Ba ka ci ba, ba ka saya ba, mi ya kai ka ba da shaida?

Wallahi tun shekaranjiya nike danne zuciyata kan maganar baiwar Allahn nan mai dambu, na ce ba ni tankawa, amma yau da safe na sake leƙa wurinta a Google Maps na ga abin da ya hana ni karin kumallo. Kun dai san zancen, duk mai waya a hannu cikin Yamai ya ga bidiyon da wani wanda ya sayi abincinta ya yi shina ƙorafi, mutane kuma sunka bi shagonta da tauraro ɗaya ɗaya a Google Maps. Abin da kunka yi ma matar nan zalunci ne, kuma ba ni da wani suna da zan ba shi da ya wuce wannan.

Mutum ɗaya ne ya sayi abinci. Ɗaya tak. Ya yi komand da sha biyun rana, abinci bai iso mai ba sai wajen la'asar, ya huce, mai ya daskare cikin leda. Shina da gaskiya shi yi hushi, ni ma da ni ne sai na yi, jikka biyu da rabi ba a tsintar ta bisa hanya. Ya ba ta tauraro ɗaya ya faɗi dalili, to wannan shaidarshi ce, tsakaninshi da Allah. Amma ku hwa? Ku da kunka ga bidiyo kunka kwararo kamar fara ta ga gonar hatsi, kowa shi dangwala tauraro ɗaya shi wuce, wani ko harafi guda bai rubuta ba, wani ya rubuta "ƙazama", wani har da "ɓarauniya". Na zamna na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, tunda Google na nuna sauran wuraren da mutum ya taɓa yi ma sharhi. Akwai wanda duk tarihinshi Kano ne da Kwatano. Akwai wanda wanga shi ne sharhinshi na farko tun da ya sayi waya. Yaushe ka zo Bukoki ka ci dambun nan? Da wane baki ka ɗanɗana?

Sharhin da kake rubutawa ƙarƙashin sunan shagon mutum shaida ce. Ka ce na je, na gani, ga abin da na tarar. In ba ka je ba ka yi ƙarya, ko da abin da ka faɗa ya zo daidai da gaskiya, don kai ba ka gani ba.

Kuma kar wani shi zo mani da "ai tauraro ne kawai, mi ya yi zafi". Ka san yadda abin ke aiki kuwa? Google na tara taurarin ne shi raba da yawan mutane. Ɗauki ƙaramin wuri da mutum 20 sunka ba taurari biyat biyat cikin shekara biyu ko uku, kowane ya ci ya ƙoshi kafin shi rubuta. Sai mutum 20 da ba su san ƙofar wurin ba su zo dare ɗaya su ba da ɗaya ɗaya. Lissafi ya koma 3. Aikin shekaru ya rushe kafin a kira asuba. Baƙon da ya sabko daga motar Agadas ko Damagaram da dare, yunwa na cin shi, ya buɗe waya shina neman inda zai ci, ya ga 3, wucewa zai yi, ba ya da lokacin bincika wa ya ci wa bai ci ba. Babban otel mai sharhi dubu ba ya ko jin ku. Mai tukunya biyu da rumfar kwano kuke kashewa.

Ni ina cin abincin matar nan, shi ya sa nike da bakin magana. Jiya na biya ta wajenta bayan azahar. Madambaci na bisa wuta, tururi na tashi, ga zogale cikin babbar roba an tsince an wanke, ga ƙuli an daka, ga albasa an yanka, amma bencin da kullum sai ka jira wani ya tashi, mutum biyu ne kawai a kai. Ɗiyarta ce ke riƙe da wayar, ita ke karanta mata. Uwar ta zuba mani, ta ƙara mai kamar yadda ta saba, sannan ta ce "ɗana, kai da ka san abin nan, wai yaya ake goge shi?" Na ce Inna ba ya goguwa daga wajenki, sai dai a yi sinyale ɗaya bayan ɗaya a jira ƴan Google su duba. Ta yi shiru tana juya ludayi, can ta ce "to ni mi na sace musu?" Ban samu abin ce mata ba. Ashe ran nan ruwan sama anka yi, babur ɗin yaron da ke kai mata saƙo ya mutu bayan ya ƙetare gadar Kennedy, ya tura shi da ƙafa har ya samu mai gyara. Laifinta, kuma na faɗa mata a gabanta, shi ne ba ta kira mai abincin ta gaya mai ba. Wannan laifi ne na gaske. Amma laifin rashin kira ne, ina ruwanshi da sata, ina ruwanshi da ƙazanta?

To ku kuma ɗayan ɓangaren, kar ku yi zaton na manta da ku. Na ga vokal ɗin da ke yawo a gurup gurup, wai kowa shi je shi ba ta biyat don a rama mata. Na san da kyakkyawar niyya kuke, amma in ba ka taɓa cin dambunta ba, biyat ɗinka da ɗayan wancan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kai ma shaidar abin da ba ka gani ba ka bayar. Kana son taimakonta? Tahi ka saya, ka ci, ka dawo ka rubuta abin da harshenka ya ji. Ta samu ciniki, ta samu shaida ta gaskiya.

Wagga ɗabi'a ta biyat ɗin kara ta taɓa cuta ta, shi ya sa nike jin ta har ƙashi. Bara cikin watan Afrilu na tahi Tawa ɗaurin armen ƙanena, gida ya cika da baƙi, na ce bari in nemi masauki tun daga nan. Na duba wani gidan baƙi, taurari kusan cike, sharhi kuwa daga "Masha Allah" sai "Allah shi ƙara kasuwa" sai "Alhaji mutumin kirki ne". Na kira na kama ɗaki. Kilomita wajen 550, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ka karya ta Tsarnawa, na iso jiki duk ƙura ba abin da nike so irin in watsa ruwa. Na murɗa famfo, iska kawai ke hita. Yaron wurin ya miƙo mani bokiti da ruwa bai kai rabi ba ya ce "Alhaji sai asuba ruwa ke zuwa". Fanka na juyawa kamar mai jin barci, kilim ɗin da anka nuna a hoto ko waya ba a haɗa mai ba. Duk wanda ya san zafin Adar a Afrilu ya san daren da na kwana. Jikka goma sha biyat. Cikin duk masu Masha Allah ɗin nan babu mutum ɗaya da ya ce akwai ruwa ko babu, don babu wanda ya kwana ciki. Addu'a abu ce mai kyau, ka yi ma Alhaji ita a kunnenshi ko bisa sallayarka, Allah na ji. Amma ni baƙo da ke neman wurin kwana, so nike in san ko famfo na kawo ruwa.

Kuma rubuta sharhi mai amfani bai buƙatar ka yi jami'a. Wanda ya hi yi mani amfani a rayuwata wani bawan Allah ne ya rubuta shi kan mai gyaran waya, cikin Hausar da ko wasali bai cika ba. Ya ce ranar Talata ya kai waya ekran ya fashe, an ce mai jikka goma sha biyu sun daidaita a goma, an ce shi dawo bayan azahar amma sai magariba anka gama, yau wata uku ba ta ba shi matsala ba, sai dai wurin babu abin zama ka zo da shirin tsayuwa. Ya ba da huɗu. Shi ke nan. Na san kuɗin da zan riƙe, na san kar in dogara da lokacin da za a faɗa mani, na san aikin na da ƙarko. Na je kuma haka na tarar. Ranar da ka je, abin da ka saya, nawa ka biya, mi ya yi kyau, mi ya ɓaci, in da hali hoton kayan ko rasit. Hoton kayan na ce, ba na fuskar yarinyar da ke wanke kwanoni ba, ita ba ta yi maka komi ba.

Kuma akwai 2, akwai 3, akwai 4, don Allah mu riƙa amfani da su. Mu abinmu daga ɗaya sai biyat, ko mutum waliyyi ne ko ɗan wuta. Abinci ya yi daɗi amma an makara, wannan uku ne ko huɗu. Kafin ma ka rubuta, ka kira mai wurin tukuna, sau da yawa magana ta ƙare a nan, an ba ka haƙuri an maida maka kuɗinka. In an gyara, koma ka gyara sharhinka, ana iya canza shi ko bayan shekara. Wanda ya yi bidiyon nan an maida mai kuɗinshi tun washegari, ni na ga saƙon a wayar ɗiyarta, amma har yanzu bai dawo ya faɗa ma mutane ba. Ɗan'uwa in kana karanta wanga, sauran shaidarka na wuyanka.

Masu cewa ai duk wanga gulma ce, musulmi rufin asiri anka san shi da shi, ku je ku tambayi malamanku. Gargaɗin mutane kan abin da zai cuce su na cikin wuraren da malamai sunka ce ba giba ba ne. Fatima bint Ƙais ta je wajen Annabi (SAW) neman shawara kan masu neman aurenta, ya faɗa mata aibin kowane a fili. Kuma shi ne ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. To faɗin gaskiya kan ciniki halal ne, wani lokaci ma dole ne. Amma ku tuna ranar da shike lissafa manyan zunubai shina kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zamne, ya yi ta maimaitawa har sahabbai sunka ce ina ma ya yi shiru. Ban ga inda anka ce in da yatsa ka yi ta bisa gilashin waya ba a rubuta maka ba.

Masu cewa ko'ina haka ake yi, ban da lokacinku sosai. A Amurka hukumar da ke kula da ciniki ta kafa doka a 2024 ta hana saye da sayar da sharhin ƙarya, da tara a kai. Amazon tun 2016 ya hana ƴan kasuwa ba mutum kaya kyauta don shi yabe su. Shi kanshi Google ƙa'idarshi ta ce sharhi shi zama abin da ya faru da kai da gaske. Nan gida kuma muna da dokar laifukan intanet tun 2019, a 2024 anka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya. Kai da ka rubuta "ɓarauniya" da sunanka da hotonka, in anka ce kawo hujja a komisariya mi za ka nuna, bidiyon wani?

Ƴan kasuwa ku ma kuna da naku. Kiliya ya faɗi gaskiya cikin ladabi a shafinku na sada zumunta, sai ku goge, ku yi mai bloke, ku hau statu kuna maƙiya sun taso. Ba maƙiyi ba ne, shi ne ya biya kuɗinshi. Amsa mai a fili, ka ce mun ji, ga abin da ya faru, ga abin da munka gyara. Wallahi in na ga mai shago ya amsa ƙorafi da mutunci na hi yarda da shi bisa wanda shafinshi duk yabo ne. Ku kuma masu mabiya da ke shiga wuri ku ci ku ƙoshi ku ce ba ku biya don za ku yi talla, in an ƙi ku hito da kamara, maganarku ta wata rana ce, ina tara ta.

Yaron nan mai babur ma shi ne ke ta dawo mani a rai tun jiya. Bai wuce shekara sha takwas ba, ba kask a kanshi, dala ɗari shike samu a kowane zuwa, kuma rabin wahalarshi mu ne. Ka yi komand a ce turo lokalizasiyon, sai ka turo vokal na minti biyu, wai in ka bar gudron ka shiga latarit, bayan farmasi akwai bedi babba, ka tambayi mai shayi gidan mai jar ƙofa. Unguwar nan bedi nawa ne, mai shayi nawa ne? Yaro shi yi ta zagaye shina ƙona esans da kiredin kiranka daga aljihunshi, kai kuma kana kwance ƙarƙashin fanka kana duba agogo. Cikin WhatsApp ɗin da kake yin vokal ɗin akwai wurin tura inda kake, dannawa uku ne. Wanda bai iya ba shi same ni bayan sallar Juma'a in nuna mai, ko shi ba ɗanshi wayar, su sun iya.