Gano lagon masu tsaron baya ya fi tara ƙwallo a ƙafa

A ranar 6 ga Disamba, 2022, tawagar Sifaniya ta shafe minti 120 tana juya ƙwallo a gaban 'yan wasan Maroko a gasar cin kofin duniya ta Qatar. Ƙwallon ta fi zama a ƙafarsu da fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokacin wasan, sun miƙa wa juna ita kusan sau dubu, amma sau ɗaya tak suka buga wadda ta nufi cikin raga har mai tsaron gida ya yi aiki. Aka tashi babu ci, aka je bugun fenareti, Maroko ta ci uku, Sifaniya ba ta ci ko ɗaya ba. Wanda ya kalli wasan nan da idon basira ya san cewa ba rashin gwaninta ne ya kayar da su ba, domin a fagen taɓa ƙwallo da sarrafa ta samun irinsu sai an tona. Abin da ya kayar da su shi ne sun shiga fili da niyyar nuna salonsu, ba su shiga da amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba, wato ta ina katangar kocin Maroko, Walid Regragui, za ta iya tsagewa.

Ra'ayina a nan shi ne, duk wani shirin kai hari a wasan ƙungiya ya kamata ya fara ne daga nazarin raunin masu tsaron abokin karawa, sannan a gina sauran abubuwa a kansa. Na san wannan magana ba ta yi wa masu horarwa da yawa daɗi, musamman waɗanda suka saba cewa su wasansu kawai za su buga, kowa ya zo ya same su. Wannan furuci yana da daɗin ji a gaban 'yan jarida, yana kuma ƙara wa 'yan wasa ƙwarin gwiwa, amma sau da yawa rufa-rufa ce ta ƙin yin aiki mai wahala. Hausawa sun daɗe da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin mai kai hari shi ne ya nemo tsagar, idan babu ya haddasa ta.

Mafi sauƙin rauni shi ne na mutum ɗaya: ɗan baya marar gudu da aka haɗa da matashi mai ƙafa, ko gajere da aka bar masa tsaron dogo a bugun kusurwa, ko mai tsaron raga da ƙafarsa ke rawa idan aka matsa masa. Wannan kowa na iya gani, har ɗan kallo. Masu ƙwallon raga sun mayar da shi doka, domin mai bugun farko yakan auna wanda ya fi kowa rauni wajen tarbar ƙwallo ya yi ta aika masa har sai kocinsa ya cire shi. A ƙwallon kwando kuwa abin ya zama ilimi mai zaman kansa. A wasannin ƙarshe na gasar NBA ta Amurka a 2016, ƙungiyar Cleveland ta riƙa sa ɗan wasan da Stephen Curry na Golden State ke tsaro ya zo ya tare hanya, don a tilasta wa Golden State musayar waɗanda suke gadi, Curry ya wayi gari yana fuskantar LeBron James ko Kyrie Irving shi kaɗai. Manufar biyu ce, a samu maki kuma a gajiyar da mutumin da ƙungiyarsa ta dogara da shi wajen ci. Jifar maki uku da Irving ya yi saura ƙasa da minti ɗaya a wasa na bakwai, a kan Curry ya yi ta, bayan irin wannan musaya, kuma da ita Cleveland ta ɗauki kofin bayan an riga an ci ta wasa uku tana da ɗaya.

Sai dai raunin da ya fi jan hankalina, wanda kuma nake ganin shi ne ainihin ilimin kai hari, ba a jikin mutum yake ba, a cikin tsarin yake. Kowane tsarin tsaro an gina shi ne a kan wani zato game da inda abokin karawa zai tsaya, kuma ranar da aka karya wannan zaton, gwanayen 'yan baya ma sai su zama kamar baƙi a fili. A watan Nuwamban 1953 Hangari ta je Wembley ta ci Ingila 6 da 3. A lokacin al'adar Ingila ita ce ɗan bayan tsakiya ya manne wa mai lamba tara duk inda ya shiga. Nandor Hidegkuti na Hangari ya sa lamba tara, amma sai ya riƙa janyewa zuwa tsakiyar fili, ya bar ɗan bayan tsakiyar Ingila, Harry Johnston, cikin tsaka mai wuya: idan ya bi shi ya bar rami a bayansa wanda Ferenc Puskas da Sandor Kocsis za su faɗa, idan ya tsaya Hidegkuti ya samu sarari ya juya ya zaɓi wanda zai ba. Hidegkuti ya ci uku a ranar. Da suka sake haɗuwa a Budapest cikin 1954 Ingila ba ta gyara komai ba, aka ci ta 7 da 1.

Shekaru hamsin da biyar da 'yan watanni bayan wasan Wembley, a ranar 2 ga Mayu, 2009, Pep Guardiola, kocin Barcelona a lokacin, ya ɗana wa Real Madrid irin wannan tarko a gidanta na Bernabeu. Ya ɗauke Lionel Messi daga gefen dama ya sa shi a tsakiya, ya umarce shi da ya riƙa saukowa cikin gibin da ke tsakanin 'yan tsakiyar Madrid da 'yan bayanta, ya tura Samuel Eto'o da Thierry Henry gefe. Fabio Cannavaro, wanda ya taɓa lashe kyautar gwarzon duniya a 2006, da Christoph Metzelder suka rasa wanda za su riƙe. Barcelona ta ci 6 da 2. Abin lura a nan shi ne Cannavaro bai zama rago a dare ɗaya ba. An jefa shi ne cikin yanayin da duk zaɓin da ya yi akwai asara a cikinsa, kuma wannan shi ne abin da nake nufi da haddasa tsaga. Mai kai hari na ƙwarai ba ya jiran ɗan baya ya yi kuskure, yana shirya masa tambayar da ba ta da amsa mai kyau.

Akwai kuma raunin da ke fitowa daga ƙarfin ƙungiya kanta. Ɗan bayan gefe da ya iya kai hari, dole wani lokaci ya bar wurinsa. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2014 a Belo Horizonte, Brazil ta shiga ba tare da Thiago Silva ba saboda dakatarwa, ba kuma Neymar saboda rauni. Marcelo ya riƙa haurawa gaba a hagu kamar yadda ya saba, David Luiz kuma ya riƙa barin layinsa yana bin ƙwallo, Jamus kuwa ta yi ta kwarara ta wannan ɓangaren ta hannun Philipp Lahm da Thomas Muller. Ƙwallon farko Muller ya ci ta ne a bugun kusurwa babu wanda ke tsaronsa, sannan tsakanin minti na 23 da na 29 aka zura huɗu. Mutane sun fi tuna ruɗewar Brazil, amma ni abin da na fi tunawa shi ne yadda Jamus ba ta sauya hanya ba da ta ga ƙofa a buɗe, ta ci gaba da bi ta nan har aka tashi 7 da 1. Ƙungiyoyi da yawa sukan gano lagon abokin karawa su ci ƙwallo ɗaya, daga nan su ja da baya su ba shi lokacin ɗinke ɓarakarsa.

Wani raunin kuwa na daƙiƙa biyu ne kacal. Ƙwallo ta huɗu da Liverpool ta ci Barcelona a Anfield a Gasar Zakarun Turai a watan Mayun 2019 ta zo ne lokacin da 'yan bayan Barcelona suka juya baya suna shirin tsayuwar bugun kusurwa, Trent Alexander-Arnold ya lura, ya bugo da sauri, Divock Origi ya zura. Da ita Liverpool ta rama cin 3 da nema da aka yi mata a wasan farko ta wuce zuwa wasan ƙarshe. Hankalin ɗan adam yakan saki idan ƙwallo ta fita, ko bayan an ci ƙwallo, ko a ƙarshen wasa idan ƙafa ta yi nauyi, kuma tun da aka amince da canjin 'yan wasa biyar, koci yana da damar sako mai gudu sabo a kan ɗan bayan da ya riga ya gaji.

Ba na cewa ganin rauni kaɗai ya isa. Ajantina ta ga raunin Saudiyya sarai a wasansu na farko a gasar cin kofin duniya ta 2022, domin kocin Saudiyya a lokacin, Herve Renard, ya tura 'yan bayansa can gaba ya bar fili mai faɗi a bayansu. Ajantina ta yi ta jefa ƙwallo cikin wannan filin, kuma dabarar daidai ce, amma gudun 'yan gabanta ya riƙa riga bugun da taki ɗaya. An soke mata ƙwallo uku kafin hutun rabin lokaci saboda satar fage, aka dawo Saudiyya ta ci biyu cikin minti biyar, aka tashi 2 da 1. Tazarar da ke tsakanin dabarar da ta yi aiki da wadda ta ɓaci wani lokaci tsawon kafaɗa ce, kuma ba a samun wannan daidaito sai da maimaici a filin atisaye, inda mai bugu da mai gudu za su san numfashin juna.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa da ra'ayina suke kawowa ita ce, ƙungiyar da ke sauya kamanni kowane mako saboda abokin karawa za ta wayi gari ba ta san kanta ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. Guardiolan nan da na yaba shi ne ya shiga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai ta 2021 a Porto ya ajiye Rodri da Fernandinho duka a benci, ya bar tsakiyar Manchester City babu mai share fage, Mason Mount ya zura ƙwallo ta tsakiyar nan Kai Havertz ya ci wa Chelsea ƙwallo ɗaya tilo. A ƙoƙarin neman lagon wani ya buɗe nasa. Amma darasin da na ɗauka daga nan ba na daina nazarin abokin karawa ba ne. Gyaran da ya yi aiki a 2009 ƙarami ne, mutum uku aka sauya wa wuri, ginshiƙin ƙungiyar bai motsa ba. Na 2021 kuwa ginshiƙin aka cire. Salo shi ne kayan aikin da ƙungiya ta mallaka ta kuma ƙware a kai, nazarin rauni shi ke nuna mata inda za ta sa kayan, kuma mai horarwar da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai cika aikinsa ba.

Wasu kuma suna ganin akwai rashin tausayi a cikin auna mutum ɗaya, musamman matashi ko wanda aka riga aka ba katin gargaɗi. A ganina, tunkarar ɗan bayan da ke ɗauke da kati don a tilasta masa ja da baya halal ne a wasa, domin shi ya jawo wa kansa, kuma kocinsa na da ikon canja shi. Inda nake ja layi shi ne a nufi gwiwar da aka san tana ciwo da taku don a ƙarasa ta. Wancan amfani ne da ƙa'idar wasa, wannan kuwa cutar da mutum ce a sana'ar da yake ci da ita, kuma ya kamata alƙalan wasa su tsananta a kansa.

Katangar Maroko da ta gagari Sifaniya, ta kuma gagari Portugal a wasan da ya biyo baya, kafin wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya ce kawai ta shiga ragarta, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida a karawa da Kanada. Amma ta iso gaban Faransa a ranar 14 ga Disamba da raunuka: Nayef Aguerd ya janye gab da fara wasa, kyaftin Romain Saiss ya shiga da ciwo har sai da aka cire shi tun kafin hutu, Regragui kuma ya koma tsarin 'yan baya biyar wanda ba da shi suka saba a gasar ba. Faransa ba ta ɓata lokaci tana zagaye ba. A minti na biyar Raphael Varane ya zura ƙwallo kai tsaye ta cikin layin, Jawad El Yamiq ya fito tarba ya kuskure, Antoine Griezmann ya faɗa ramin da ya bari, aka yi turmutsitsi a gaban raga Theo Hernandez ya ci. Daga nan kocin Faransa a lokacin, Didier Deschamps, ya bar wa Maroko ƙwallo, abin da ba ta saba da shi ba a gasar, ya jira gibin da za ta bari a baya idan ta hauro. Maroko ta fi riƙe ƙwallo a daren nan, ta kuma yi wasan da ya cancanci yabo, amma Randal Kolo Muani, wanda bai cika minti ɗaya da shigowa fili ba, ya ci ta biyu a minti na 79.