A ɗora sikanin a ƙirjin yara, amma a fara da horar da hannu

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 ciwon huhu na nimoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar su 740,180. UNICEF kuwa ta sa Najeriya a kan gaba a duniya, da yara kusan 162,000 a 2018.

A yawancin ƙananan asibitocinmu, abin da ma'aikacin lafiya ke da shi agogo ne da idonsa. Zai ƙirga numfashi ya ga ko ya yi saurin da ke nuna ciwon: 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya duba ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa. Hanyar ta ceci rayuka da yawa. Sai dai zazzaɓin cizon sauro da asma su ma suna sa yaro haki, sai a ba wanda ba ya bukata amoxicillin, maganin da ake bayarwa don nimoniya. Hoton ƙirji na eksire kuma yana babban asibiti, sai da kuɗin mota, da wuta, da mai karanta shi.

Na'urar sikanin da ake yi wa masu juna biyu awo da ita tana iya cike wannan giɓi. Lafiyayyen huhu cike yake da iska, sautin na'urar ba ya ratsa shi. Idan ruwa ko mugunya ya cika wani sashe, sai wurin ya fito a allo kamar tsokar hanta. Ƙirjin yaro ba kauri, don haka hoton yakan fito sarai. Babu tururin eksire, kuma ana iya yi yaro na kan cinyar uwarsa. Wani nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2015 ya gano tana kama kusan kashi 96 cikin 100 na masu ciwon. Yanzu har akwai wadda ake jona wa waya. A Aweil ta Sudan ta Kudu, ƙungiyar agajin lafiya ta MSF ta koya wa ma'aikatan da ba likitoci ba yin wannan sikanin, kuma sun iya.

Inda nake jin tsoro shi ne ɗabi'armu ta sayo kaya a yi bikin ƙaddamarwa, a kulle a sito. Na'urar ba ta ganin ciwon da ya lafe can cikin huhu bai taɓo bangon ƙirji ba, ba ta kuma rarrabe bakteriya da bairos da tabbaci. Hannun da bai ƙware ba zai iya sallamar yaro mai ciwo.

Don haka jihohi su fara da na'urorin da ke ɗakunan awon ciki, su horar da nas-nas da jami'an lafiya na karkara, a samu ƙwararre mai bibiyar hotunansu. Kuɗin kuma kada a ciro shi daga kason iskar oksijin da amoxicillin, domin yaron da aka gano ciwonsa da su za a yi masa magani.