Kafin ka ƙyasta wa tuta ashana, tsaya mu yi magana

Salam 'yan uwana matasa. Wani bidiyo ne aka turo a guruf ɗinmu na WhatsApp ya tsaya min a rai, wani saurayi ya shimfiɗa tutar ƙasarsa a kan kwalta ya tuttula mata fetur ya ƙyasta ashana, yadin yana narkewa yana ɗiga, abokansa suna ta ihu kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Nan take guruf ya rabu biyu, wasu na cewa ai 'yancinsa ne a Amurka ma haka ake yi, wasu kuma na cewa a kama shi a gama da shi kawai. Wallahi duka ɓangarorin biyu sun ba ni tsoro.

Bari in fara da masu cewa a Amurka ma ana yi. Gaskiya ne, amma ku san yadda aka yi aka zo nan. A 1984 wani Gregory Lee Johnson ya ƙona tutar Amurka a birnin Dallas lokacin babban taron jam'iyyar Republican, kotun jihar Texas ta yanke masa ɗaurin shekara 1 da tarar dala 2,000, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, sai a 1989 alƙalai 5 suka ce abin da ya yi bayyana ra'ayin siyasa ne kuma tsarin mulki ya kare shi, 4 suka ƙi yarda. Ratar alƙali ɗaya tak fa. Majalisa ta yi maza ta kafa sabuwar dokar kare tuta, a 1990 kotun ta sake soke ta. A 2006 kuma an nemi a gyara tsarin mulkin kansa don a hana, ƙuri'a ɗaya ce ta hana abin wucewa a majalisar dattawa. To ko a can ɗin ma har gobe mutane ba su daina jayayya a kai ba.

Kuma hukuncin kotun Amurka a Amurka ya tsaya. A Indiya akwai dokar 1971 da za ta iya kai mutum gidan yari har shekara 3 in ya wulaƙanta tuta, Jamus ma laifi ne, a 2020 ma suka ƙara da tutocin wasu ƙasashe. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966, sashe na 19 da ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, shi ne kuma ya ce doka na iya sa iyaka saboda tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a. Don haka don Allah ka fara sanin dokar ƙasarka kafin ka kwaikwayi abin da ka gani a TikTok, ranar da aka gurfanar da kai waɗanda suka yi ta danna maka layik ba za su zo beli ba, mahaifiyarka ce za ta yini a bakin kotu.

Amma ni ba ma tsoron dokar ce babbar hujjata ba. Tutar nan ba ta shugaban ƙasa ba ce, ba ta jam'iyya ba ce, gwamnati za ta zo ta wuce ta bar ta. Ita ce ake lulluɓa akwatin gawar sojan da aka kashe a bakin daga, ita ce ɗan wasa yake yafawa yana hawaye in ya ci gasa. Kai da shugabanni kake fushi, kuma wataƙila kana da gaskiya ɗari bisa ɗari, to me ya sa za ka sallama musu ita? Kana ƙonawa ka ba su abin da suke nema, gobe ba wanda zai ƙara maganar zaluncin da ya fito da kai titi, magana ta koma kan "maƙiyan ƙasa". Ku duba baƙaƙen fatar Amurka da suka yi tattaki daga Selma zuwa Montgomery a 1965 suna neman 'yancin zaɓe, tutar Amurka suka ɗaga, a shekarar aka sa hannu a dokar zaɓen. Matasan Kenya ma a watan Yunin 2024 da tutarsu suka fito kan dokar haraji, har shugaba Ruto ya janye ta.

Ku kuma masu cewa a kashe shi, ku ji tsoron Allah. Abin da ya yi ya ɓata min rai nima, amma ran ɗan Adam ya fi ƙyalle komai darajarsa, in ya karya doka akwai kotu. Kuma na lura da yawanmu mun fara ɗaukar duk wanda ya soki gwamnati kamar ya zagi tuta, alhali ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Wanda ya rubuta kwali ya ce an cuce mu, ko ya yi rubutu mai zafi a Facebook, haƙƙinsa ne, ko da ba ka yarda da kalma ɗaya a ciki ba. Na faɗi haka a guruf ɗin ranar, wasu suka ji haushi har mutum biyu suka fita, na bi su ta waya ɗaya bayan ɗaya, ɗayan ya dawo, ɗayan har yanzu muna kan magana.