Ba jinsi kaɗai ke kawo tauri ba

Malam, na yarda da batunka cewa naman shanu masu tozo ya fi na Angus, wani jinsin shanun Turai, tauri, amma kada a ɗora wa Bunaji da Bokolo laifin duka. Rahaji kam kowa ya san zafin ransa. Sai dai ko sa mai sanyin hali ne, in aka loda shi a tirela daga Potiskum zuwa Legas, ba ci ba sha, aka ja shi mayanka da duka, namansa baƙi-baƙi zai fito kuma ya lalace da wuri, don tsoro da gajiya suna cinye sukarin da ke cikin tsoka. Wallahi abin yana damuna. Ga tsufa kuma, shi ma yana kawo tauri, don da wuya makiyayi ya sayar da saniya sai ta daina haihuwa.