Bangon aji uku da azara biyu

Jiya na raka autata makarantar firamaren unguwarmu, sai na tsaya ina kallon bangon aji uku. Tsagar da bara yatsa ɗaya ke shiga, bana hannuna ya shige har wuyan hannu. An tokare bangon da azara biyu daga waje. Malamar ajin ta ce da zarar hadari ya haɗo, gindin darbejiya take kwashe yaran, don gara su jiƙe.

Shekara biyu ke nan muna ta "Allah ya kiyaye". Amin, amma me muka yi? Mun yi surutu a majalisa bayan la'asar, mun cika zauren WhatsApp da hotuna. Kansila ya zo, ya girgiza kai, ya ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Laifinmu ni a ganina guda ne: ba mu taɓa rubuta komai ba. Sakatariya ba ta san maganar baka ba, takarda ta sani. Koken da ba a buga masa hatimin karɓa ba, aka sa kwanan wata, gobe wani zai rantse bai taɓa jin labarinsa ba. Kuma muna zuwa muna sunkuyar da kai kamar masu neman zakka, alhali jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙaramar hukuma cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare. Uzurin "kuɗinmu na hannun jiha" ma ya fara tsufa, tunda ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko ana turawa, ko ba a turawa, ciyaman ne zai faɗa mana, a rubuce.

Washegarin wannan hukuncin ne fa ginin makarantar Saint Academy ya rufta a Jos, yara na cikin aji, mutum 22 suka rasu. Makarantar kuɗi ce, na sani, amma bulo bai san bambanci ba.

Masu cewa mu yi karo-karo mu gyara da kanmu, na ji ku, kuma aikin gayya ba baƙonmu ba ne. Sai dai yaɓen siminti a kan bangon da tushensa ya zauna kwalliya ce kawai. Injiniyan sashen ayyuka ya kamata ya zo ya gani, ya sa hannu.

Na rubuta takardar, kwafi huɗu: ciyaman, sakataren ilimi, shugaban sashen ayyuka, da hakimi ta hannun mai unguwa. Buƙata biyu ce a ciki, a rufe ajin yanzu, a kuma ba mu ranar fara aiki. In mako biyu ya wuce shiru, gidan rediyo za mu da kwafinmu mai hatimi.

Litinin ƙarfe tara, ƙofar gidan mai unguwa. Iyaye mata ma ku fito, kowa ya zo da bironsa.