Sarkin Kabi ba a Birnin Kebbi yake ba

Baƙi da yawa in sun shigo Birnin Kebbi sukan ɗauka fadar da ke garin ta Sarkin Kabi ce. A'a, ta Sarkin Gwandu ce. Sarkin Kabi yana Argungu.

Sunan ne ke ruɗar mutane, kuma da dalili. Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, a birnin Surame ya zauna, daga baya jikokinsa suka mai da Birnin Kebbi hedkwata. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda zuriyarsa ke sarautar Gwandu, suka ci garin. Kabawa ba su miƙa wuya ba, suka yi ta fafatawa har suka kafu a Argungu. Wanda ya shiga Gidan Tarihin Kanta a can, tsohuwar fada ce, zai ga makaman yaƙi da kaburburan sarakuna. Abin takaici, yaranmu ma ba su cika sanin wannan ba.