Wane irin aiki ne ma'aikaci ke biyan mai gida?

Abin ya isa haka! Matashi ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, yana zaune babu aikin yi, sai wasu marasa imani su biyo shi har cikin wayarsa su kwashe ɗan abin da ya rage masa.

Ga yadda suke yi. Saƙo ya shigo WhatsApp daga baƙuwar lamba, sau da yawa ta ƙasar waje: wai kamfani na neman ma'aikata daga gida, ka danna alamar so a bidiyon YouTube ko ka yaba wani otal, ka turo hoton shaida. Ka yi uku, alat na naira dubu biyu ya shigo da gaske. Wannan tsaba ce ake watsa wa kaza. Daga nan a kai ka zauren Telegram, inda mutane ke ta baje hotunan alat suna godiya, alhali galibinsu 'yan gida ɗaya ne da masu damfarar. Sai a ce aiki na gaba sai ka saka dubu goma a dawo maka da sha uku. A dawo da su kuwa. Ka saka dubu hamsin, ka saka ɗari. Shafinsu ya nuna kuɗinka sun ninka, amma ranar cirewa sai a ce ka yi kuskure, asusunka ya kulle, ka biya kuɗin buɗewa ko haraji. Lambobin da kake gani a shafin nan, su suka rubuta da hannunsu. Babu ko sisi a bayansu.

Kada a ɗauka yara ne a ɗaki. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a bene guda a Victoria Island da ke Legas, har da 'yan China 148, bisa zargin damfarar intanet. Masana'anta ce.

Wanda ya fi ƙona rai shi ne aikin "wakilin karɓar kuɗi": a turo kuɗi asusunka, ka cire ladanka, ka tura sauran gaba ko ka sayi kuɗin intanet na kirifto da ake kira USDT. Kuɗin sata ne. Ranar bincike sunanka da BVN ɗinka za a gani, asusunka za a rufe, kai za a kama.

Aikin da aka ba ka ba tare da ka nema ba, ba ganawa, ba takardar ɗauka, sannan aka nemi kuɗin rajista ko lambar OTP (lambar sirrin da banki ke turo maka a waya), toshe lambar wayarsu nan take. Lambar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ma ba hujja ba ce, suna aron sunayen kamfanonin gaske. Nemi lambar wayar kamfanin da kanka ka kira.

In kuwa ka riga ka tura, kada ka ƙara ko kwabo da sunan ceto na baya. Kira bankinka a sa'ar nan ka nemi a tsayar da asusun da ya karɓa, domin cikin mintoci suke rarraba kuɗin. Adana hirarrakin da rasit, ka kai wa EFCC ko sashen laifukan intanet na 'yan sanda.